Waken Faransa, Teburin Washington, da Zoɓon da Muka Kashe da Sukari

Da zarar sanyi ya kankama a Washington, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, gidajen abincin Faransawa na birnin da kewayensa sukan fito da wani girki da ba a cika nemansa lokacin zafi ba. Sunansa kasule. Farin wake ne da ake dafawa a kaskon ƙasa tare da cinyar agwagwa wadda ta dahu cikin kitsenta, da gutsattsarin nama, da tsiran alade, a bar shi cikin tanda awa da awanni har samansa ya yi ɓawo, a fasa ɓawon a danna shi ciki, a jira ya sake yin wani. In aka ajiye wa mutum shi yana tafarfasa, mai kawo abincin ba zai juya ba sai ya yi tambayar da a wurinsu ita ce rabin cin abincin: me za a sha da shi? Nufinsa, wace giyar inabi.

Bahaushen da aiki ko karatu ya zaunar da shi a irin wannan tebur, ma'aikacin ofishin jakadancin Nijeriya ne ko na Nijar, ɗan Bankin Duniya ne ko ɗan jarida, matsala biyu ce a gabansa, ta kasko da ta kofi. Ta kasko yakan kauce mata ya nemi ƙafar rago da farin wake, wadda ita ma tsohon girkin Faransa ce, ko cinyar agwagwa ita kaɗai. Ta kofi kuwa amsarsa a shirye take: ba na sha. Daidai ne, kuma ba ni da abin ƙarawa a kan hukuncin, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta rufe wannan babi. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Sai a kawo masa lemon kwalba cike da ƙanƙara, ya riƙa kora wake mai maiƙo da ruwan sukari, kafin ya ci rabi abincin ya ginshe shi, ya tashi yana cewa girkin Turawa ba ya ciyuwa.

Ra'ayina shi ne tambayar Bafaranshen tana da ma'ana ko da amsarsa ba ta halatta gare mu ba. Abinci mai nauyi yana neman abin sha da zai yi masa wani aiki, kuma ana iya gane aikin ba tare da an ɗanɗana ko ɗigon barasa ba. Kayan yin wannan aiki suna nan birjik a gonakinmu da dazuzzukanmu. Sukari ne muka bari ya shiga tsakaninmu da su.

Gidan kasule kudu maso yammacin Faransa ne, kuma garuruwa uku ke jayayya a kansa tun kaka da kakanni: Castelnaudary, Carcassonne da Toulouse, dukkansu a bakin hanyar ruwan nan da aka haƙa a ƙarni na 17, Canal du Midi. Na Castelnaudary ya fi ƙarfi a alade da agwagwa. Mutanen Carcassonne suna sa naman tunkiya, wani lokaci har da makwarwa. Na Toulouse da tsiran garinsu ake gane shi. Kaskon kuwa maginan tukwane na wani ƙauye mai suna Issel ne suka yi suna wajen gina shi. Mutanen Castelnaudary suna da labarin da suke ƙauna: wai a 1355, da Turawan Ingila suka yi wa garin ƙawanya a Yaƙin Shekara Ɗari, aka tattara ragowar wake da nama aka dafa a tukunya ɗaya, mayaƙa suka ci suka ƙoshi suka fatattaki abokan gaba. Labari ne mai daɗi, sai dai tarihi ya ƙi shi ta fuska biyu. A wannan shekarar rundunar Ingila ta ci garin ta cinna masa wuta. Kuma farin waken da ake kasule da shi yau daga nahiyar Amurka ya fito, bai shiga Turai ba sai a ƙarni na 16.

Kafin zuwansa, waken da mutanen kudancin Turai suka sani shi ne ful irin wanda ake karya kumallo da shi a Masar da Sudan, sai kuma wani mai baƙin ido wanda Rumawa ma sun noma, wato ainihin waken da muke ƙosai da alala da shi, ɗan asalin Afirka, wanda Nijeriya da Nijar suka fi kowace ƙasa nomansa a yau. Wasu marubutan tarihin abinci ma suna kai silsilar kasule ga dafukan wake da naman rago na Larabawa, ganin cewa Musulmin Andalus sun riƙe birnin Narbonne daga 719 zuwa 759. Hasashe ne, ban ɗora masa nauyi ba. Amma ya isa ya nuna cewa Bahaushe ba baƙon wannan tukunya ba ne kamar yadda yake zato.

Faransawa ba sa wasa da ita. A 1966 wani babban taron masana girkinsu ya yanke cewa kasule na gaskiya sai nama ya kai kashi 30 cikin ɗari na abin da ke cikinsa. A 1970 aka kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka ta kasule a Castelnaudary, masu riguna na musamman da huluna masu siffar kasko, kuma duk ƙarshen Agusta garin yana bikinsa, a tsakiyar zafi, abin da ni dai na kasa fahimta.

To, me masana giyarsu suke cewa a sha da shi? Bakinsu kusan ɗaya ne: ja, marar zaƙi, mai tsami da bauri, kuma ta yankin da aka dafa waken. Sukan ambaci Corbières da Minervois da Fitou daga gabashin Carcassonne, ko Fronton ta arewacin Toulouse. In ana son mai ƙarfi sosai a tafi Cahors, wadda doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na inabinta ya zama irin Malbec, ko Madiran da ake yi da inabin Tannat, wanda ba a ja da shi wajen bauri. Wasu 'yan tsiraru sukan ce fara mai kaifin tsami ma tana yi. Shawarar da ba za ka taɓa ji daga bakin ɗayansu ba ita ce a kawo mai zaƙi.

Washington ta daɗe da sanin wannan yanki. Thomas Jefferson, lokacin yana jakadan Amurka a Faransa, ya bi Canal du Midi cikin jirgin ruwa a watan Mayun 1787, ya ratsa ta Castelnaudary yana rubuta abin da ya gani na gonaki da inabi. Bawansa James Hemings shi ya koyi girkin Faransa a Paris ya kawo shi Virginia, kuma sai a 1796 aka 'yanta shi, bayan ya koya wa ƙanensa sana'ar. Jefferson ya yi ta fama da dashen inabin Turai a gidansa na Monticello bai ci nasara ba har ya mutu. Yau jihar Virginia tana da gidajen matsar inabi wajen ɗari uku, gundumar Loudoun da ke yamma da birnin tana tallata kanta a matsayin lambun giyar Washington, kuma cikin irin da suka karɓi ƙasar har da Tannat ɗin nan na Madiran. Girkin kudu maso yammacin Faransa kuma Jean-Louis Palladin ne ya ɗaga darajarsa a birnin. Ɗan garin Condom ne a ƙasar Gaskoni, ya samu taurarin yabon girki biyu na Michelin a 1974 yana da shekara 28, ya buɗe gidan abincinsa a ginin Watergate a 1979, ya riƙe shi har 1996. Saboda haka in ka ji ana gardamar mahaɗin kasule a unguwar Georgetown ko ta Dupont Circle, tsohuwar gardama ce.

Mu ajiye sunayen kwalabe mu dubi aikin. Kasule abu uku ne a baki: garin wake mai toshe harshe, kitse mai shafe shi, da gishiri. Loma ta farko aljanna ce, ta biyar ta fara nauyi, ta goma ba ka jin komai sai maiƙo. Tsami yana tsinko miyau ya wanke baki. Bauri kuma, wato wannan ɗaurewar da harshe ke yi in an tauna goro ko ɗanyen kanya, yana yin abin da ya fi haka. Sinadarin da ke kawo shi yana cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa, yana cikin ganyen shayi, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majeman Kano da Sakkwato suke jeme fata da ita. Yadda yake kama fatar akuya ya ɗaure ta, haka yake kama abin da ke sa miyau santsi, sai baki ya bushe ya yi kaushi. Shi kaɗai ba daɗi. Amma in baki ya cika da kitse, santsin ya yi yawa, sai baurin ya mayar da shi daidai, loma ta goma ta dawo kamar ta biyu.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 2012 Paul Breslin na Jami'ar Rutgers da cibiyar Monell ta Philadelphia, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Current Biology. Sun ba mutane yankan nama mai kitse, wasu suna korawa da ruwa, wasu da shayi. Masu shayi sun fi jin maiƙon ya bar bakinsu, kuma an ga cewa bauri marar ƙarfi yana taruwa kurɓi bayan kurɓi har ya yi aikin. A lura da abin da suka yi gwajin da shi: shayi. Babu barasa a lissafin.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu, littafi ne kawai ba mu rubuta a kansa ba. Ƙosai wake ne da aka soya a mai, mahaɗinsa koko, gasarar da aka bari ta kwana ta yi tsami. Da azumi kunun tsamiya ke zama kusa da soye-soye. Fate ba ya cika sai da yakuwa. Dattijo in ya tashi daga tuwo da miyar taushe da man shanu, hannunsa aljihu yake nufa ya ɓantari goro. Buzu in ya gama da gasasshen rago sai ya ɗora buta a gawayi, kofin farko mai ƙarfi da ɗaci. Duk waɗannan amsa ɗaya suke bayarwa ga tambayar da mai kawo abinci yake yi a Washington. Har ma akwai abin da ya fi haka: sinadarin tsamin da ya fi yawa a inabi, wanda masana ke kira tatarik, 'ya'yan itatuwa kaɗan ne a duniya suke ɗauke da shi da yawa, kuma tsamiya tana sahun gaba a cikinsu. Bishiyar da ke bakin kowace kasuwar ƙauye daga Daura zuwa Tasawa tana ɗauke da rabin sirrin da ake sayarwa a kwalba mai tsada.

Ga inda muka ɓata. Jan giyar da ake kira busasshiya, irin wadda suke sha da kasule, sukarin da ke cikin lita guda bai cika wuce giram 4 ba. Gwangwanin Coca-Cola na Amurka, wanda bai kai rabin lita ba, giram 39 ne a ciki, kusan cokalin shayi goma. Ruwan inabi na kwalba, wanda wasu ke ɗauka shi ne madadin giya tunda launinsu ɗaya, ya fi lemon ma sukari in aka auna kofi da kofi. Zaƙi a kan maiƙo ba ya wanke komai, ƙara lulluɓe harshe yake yi, sanyin ƙanƙara kuma yana daskarar da kitsen a dasashi. Wanda ya taɓa shan ruwan firji a kan balangu mai kitse ya san abin da nake faɗa.

Sai wani ya ce ai kunya ce take sa mutum ya karɓi duk abin da aka miƙo masa, kada a ga ya cika fitina a teburin mutane. Wannan kunya ba ta da tushe a Washington, domin birnin ya saba da marasa sha tun kafin a haifi kakanninmu. A watan Disamban 1805 Jefferson ɗin nan, yana shugaban ƙasa, ya ɗage lokacin liyafarsa zuwa faɗuwar rana saboda baƙonsa, Sidi Sulaiman Mellimelli jakadan Tunis, yana azumin Ramadan. Shugaba Rutherford Hayes da matarsa Lucy sun kawar da giya daga teburin Fadar White House a zamaninsu, 1877 zuwa 1881. A Afrilun 1913 sakataren harkokin waje William Jennings Bryan ya shirya wa jakadan Birtaniya James Bryce liyafar ban-kwana ya zuba wa manyan jakadu ruwan inabin da bai zama giya ba, jaridu suka yi ta yi masa ba'a wata da watanni. An haramta sayar da giya a birnin tun Nuwamban 1917, fiye da shekara biyu kafin a haramta ta a duk ƙasar daga 1920 zuwa 1933. A zamaninmu kuma George W. Bush ya daina sha tun 1986, Donald Trump da Joe Biden ba sa sha. Ƙasar da shugabanninta uku cikin huɗu na baya-bayan nan suke ɗaga kofin da ba barasa a ciki ba za ta yi mamakin Malam daga Zariya ba.

A Paris ne abin ya fi tsauri. A 1999 an ɗage ziyarar Shugaba Muhammad Khatami na Iran saboda taƙaddamar ajiye giya a teburin liyafa, a Janairun 2016 kuma aka fasa cin abincin rana tsakanin François Hollande da Hassan Rouhani a kan wannan dalili. A wurin Bafaranshe kwalbar tana cikin tutar ƙasa. Ba'amurke ya fi sauƙin kai, ciniki ne a gabansa.

Cinikin ma yana juyawa. A Nuwamban 1991 shirin talabijin na 60 Minutes ya yaɗa cewa jan giya ce ke kare zukatan Faransawa duk da kitsen agwagwar da suke ci, kasuwarta ta yi tashin gwauron zabo a Amurka. Yau magana ta sauya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar haɗari, a Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka Vivek Murthy ya nemi a rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe, a Agustan shekarar kuma binciken Gallup ya nuna kashi 54 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne kawai suka ce suna sha, mafi ƙanƙanta tun da kamfanin ya fara wannan tambaya a 1939. Derek Brown, wanda mashayarsa Columbia Room ta yi suna a Washington, ya koma rubutu da koyarwa a kan abin sha marar barasa. Manyan gidajen abinci yanzu suna da shafi guda na irin waɗannan. Matsalar ita ce yawancinsu ruwan 'ya'yan itace ne da aka yi wa ado da ganye, zaƙi a kan zaƙi. Wanda ya rasa abin zaɓa gara ya nemi baƙin shayi mai sanyi marar sukari, wanda babu gidan abincin Amurka da ba shi da shi, ya ce a rage ƙanƙara a haɗo da yankan lemon tsami. Ya fi duk shafin dacewa da wake da kitse.

Akwai kuma giyar da aka cire wa barasa, wadda wasu 'yan'uwa suka fara ɗauka mafita ce. Ban gamsu da ita ba. A ƙa'idar Amurka abin da aka rubuta wa marar barasa yana iya ɗauke da ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ko an cire ta ƙaf, sai da aka fara yin giya sosai sannan aka tace, kuma a kan wannan malamai da yawa suke ƙyamar ta. In an bar fiƙihu aka koma ga harshe, cire barasar yana tafiya da kaurin abin da ƙamshinsa, sai masu yi su cike gurbin da sukari, a dawo gidan jiya. Wanda yake son ɗanɗanon inabi tsantsa akwai hanya mafi tsafta: ruwan ɗanyen inabi da ba a bari ya tsima ba, wanda Faransawan da can suke girki da shi, Iraniyawa da mutanen Sham kuma har gobe suna yi. Ana samunsa a shagunan Iraniyawa na arewacin Virginia da Rockville. A sirka shi da ruwa mai gas.

Amma ni zoɓo nake wa kamfe. Launinsa daga dangin sinadarin da ke rina jan inabi yake, tsaminsa mai kaifi ne, yana da ɗan bauri da ƙamshin busassun 'ya'yan itace. Allah ya yi shi kamar don teburin nama. Sai dai dubi abin da muke yi masa. A tafasa shi har ya gaji, a jefa kanwa don a kashe tsamin, wanda shi ne amfaninsa, launin ma ya dushe ya koma baƙi-baƙi, a zuba sukari da mudu, a ƙara filebo da garin lemo na leda da ɓawon abarba, a ɗura a gora a daskarar. Ban raina wannan zoɓo ba. A ranar Afrilu a Kantin Kwari, ko a bakin tasha da la'asar, babu abin da ya kai shi, kuma mata da yawa da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Amma na kashe ƙishi ne. Mun bar shi ya zama shi kaɗai ne zoɓon da muka sani, har a walimar aure, inda ake jera shi kusa da soyayyar shinkafa da kaji masu nason mai.

Na tebur daban ake yinsa. A wanke shi a jiƙa a ruwan ɗumi, ko a bar shi ya kwana a na sanyi, kada a tafasa. Kanwa ko toka kada su kusance shi. A dafa baƙin shayi mai kauri a zuba kaɗan, shi zai kawo baurin da zoɓo bai da isasshe. Kanumfari ƙwaya biyu ko uku, masoro kaɗan, citta 'yar mitsitsiya. Zaƙi kuwa gwargwadon abin da zai rage wa tsamin kaifi, dabino ɗaya ko biyu ga lita sun isa. Kayan ƙamshin nan ba kwaikwayo ba ne: ƙamshin kanumfarin da masu ɗanɗanar giya suke yabawa a wadda ta daɗe cikin gangar katako sinadari ɗaya ne da na kanumfarin Kasuwar Kurmi, kuma a 2008 masu bincike a Ostireliya sun gano cewa ƙamshin yajin da ake ji a inabin Syrah shi ne dai wanda ke cikin masoro. Faransawa suna shan jan giyarsu a ma'aunin zafi 16 zuwa 18, wato sanyin randa. Haka ya kamata a sha wannan. Wanda ya fi son tsamiya ya bi wannan hanya da ita, sai dai ta fi dacewa da girkin da aka yi da rago fiye da na agwagwa, a nawa harshen.

Ba zan ce daidai yake da abin da ke kofin maƙwabcinka ba. Barasa tana ba abin sha nauyi da ɗumi a maƙogwaro, tsimuwar watanni kuma tana haifar da ƙamshi iri-iri da jiƙon dare ɗaya ba zai kawo ba. Citta tana maye gurbin ɗumin, sauran kuwa babu, kuma ba asara ba ce a wurin wanda bai neme su ba tun farko. Abin da ake bukata shi ne baki ya wanku tsakanin loma da loma, wannan kuma zoɓon da ba a kashe ba yana yinsa sarai.

Saura maganar kasko. Kada wanda ya ruɗi kansa cewa zai ture tsiran gefe ya ci waken. A girkin gargajiya fatar alade ake shimfiɗawa a gindin kaskon, ita ke narkewa ta ba romon danƙo, wasu masu girkin kuma suna zuba farar giya a ciki. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle wannan. Kasulen Musulmi a gida ake yinsa, kuma ba wuya a yankin Washington, inda mahautan halal suke da yawa daga Falls Church da Sterling zuwa Silver Spring da Lanham. Kafaɗar rago, cinyar agwagwa, da jan tsiran rago na Magrib da ake kira margez, wanda Faransawa da kansu suka mayar nasu. Aikin fatar alade kuwa ƙafar sa ko ganda suna yinsa, in ma ba su fi ba. Mutumin Carcassonne zai gane tukunyar, na Castelnaudary zai yi tsaki, dama ba su taɓa shiri ba. A gida kuma ba a fuskantar ɗaya tambayar, ta zama a teburin da ake zagayawa da giya, wadda hadisi ya yi hani a kanta, kuma ma'aikatanmu na jakadanci suke fama da ita kowane mako. Wannan ta mutum da malaminsa ce, zoɓo ba ya warware ta.

Abin da ya fi ba ni takaici ciniki ne. Jigawa, Kano da Katsina suna cikin manyan masu noman zoɓo, buhuna suna tashi daga Maigatari da Dawanau zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas, kuma Meziko tana cikin manyan masu saye. A Washington, inda 'yan Salbado suka fi kowace al'ummar baƙi yawa, za ka same shi a shagunan Langley Park da Columbia Heights da sunan da masu jin Sifaniyanci suke kiransa, a gidajen abincin Senegal da sunan bisab, a na 'yan Jamaika da nasu sunan. Masu tarihin abincin baƙaƙen Amurka irin su Adrian Miller suna danganta jan abin shan da ake bikin Juneteenth, na tunawa da 'yanta bayi, da shi ga zoɓo da goron Afirka ta Yamma. Kowa ya sa masa suna ya ci riba, mu da muka noma muna sayar da shi a buhu da ƙasa da tsakuwa a ciki.

Ga gidajen abinci suna neman abin da za su zuba wa kusan rabin manyan ƙasar da ba sa sha, kofin irin wannan abin sha a manyan wurare yakan haura dala 10, ga dubban 'yan Nijeriya a gundumar Prince George's da suka san hanyar kasuwa. Wanda zai shiga wannan sana'a ba daga kwalba zai fara ba. Mai sayen abin sha na gidan abinci zai tambaye shi daga wace gona, wane iri, baƙin zoɓo ne ko ja, girbin wace shekara, kuma ko na watan gobe zai yi ɗanɗanon na yau. Amsar waɗannan tana wurin shanya: a daina baza shi a ƙasa a gefen titi, a shanya a kan tabarma ko tamfol, a ware iri da iri, a daina zuba maganin ƙwari a buhu, a rubuta sunan ƙauyen a jikinsa. Manomin Madiran ya fi na Maigatari samun kuɗin kadada ɗaya ninkin ba ninkin, kuma wani babban ɓangare na bambancin shi ne an san sunan gonarsa.